Gadar da Aka Yi wa Masngad

Anacleto Dumalsin, wanda kowa ke ce wa Kleto, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ƙaramin jiki da ƙatuwar murya. In ya hau dutsen shela da ke saman ƙauyen Masngad ya buɗe baki, har matan da ke duƙe a gonakin shinkafa na can ƙasa kusa da kogi sai sun ɗago kai. In ya sauko ka gan shi cikin tsohuwar kwat ɗin da ta yi masa yawa, sai ka rasa inda muryar ke kwana a jikinsa. Fada, limamin cocinsu, ya taɓa roƙonsa ya riƙa rage ta lokacin waƙa a coci, don sauran bayin Allah ma su ji abin da bakinsu ke faɗa.

Aiki biyu yake riƙe da su. Ɗaya gado ne daga ubansa: shi ne mai shelar dattawa. Duk lokacin da dattawa suka zauna a dap-ay, dandalin nan nasu na duwatsu mai wuta a tsakiya, suka yanke cewa gobe ubaya ce, Kleto ke hawa dutse ya faɗa. Ranar ubaya ba a zuwa gona, ba a aiki, ɗan gari ba ya fita, baƙo ba ya shigowa. Shi ne kuma ke bin bakin kowace hanya ya kafa ɗanyen kara ya ƙulle ganyensa. Wanda ya tsallake ƙullin nan, ko waye ubansa, alade zai biya, kuma ya ɓata wa gari hutun, sai an sake daga farko. Aiki na biyu ƙuri'a ta ba shi: kansila ne a majalisar ƙauye. Ba son kujera ya kai shi ba. Gada yake so.

Mutanen Masngad ba sa mantawa, ba sa kuma bari wani ya manta, cewa a da su ne hedikwata. Turawan Sifen da suka hawo neman zinariya a nan suka kafa sansani. Amurkawa da suka gaje su a nan suka sara hanyar dawaki, suka gina ofishin gari mai rufin kwano. A yaƙin Japan ofishin ya ƙone. Da abubuwa suka lafa, manya suka ce bari a zauna a Dapyasan, a ƙetaren kogi, na ɗan lokaci, tunda can akwai ɗan fili shimfiɗaɗɗe. Ɗan lokacin nan bai ƙare ba har yau. Hanyar mota ta zo ta tsaya a can, kasuwa ta bi ta, ɗakin shan magani da sakandare suka bi kasuwa, daga baya har sunan ƙaramar hukumar ya koma Dapyasan. Abin da ya rage wa Masngad shi ne matakalar tsohon ofishi, inda mata ke shanya kofi, sai kuma Kogin Layag tsakaninsu da komai.

Da rani kogin ba ya wuce gwiwa a mashigi. In damina ta kankama kuwa, daga cikin ɗaki kana jin sa yana mirgina duwatsu.

A irin wannan lokaci ne tsoho Dumalsin, uban Kleto, ya rasu a asibitin lardi, Kleto na ango. Motar jif ta kawo akwatin har ƙarshen hanya, maza suka sauko da shi bakin ruwa, suka tsaya. A wancan hayin duk Masngad ta fito, an shirya bargon likkafani, an ɗaure aladu, uwar Kleto na tsaye cikin ruwan sama tana kallon akwatin mijinta a ƙarƙashin tamfol. Aka kwana, aka sake kwana, ruwa bai ja ba. Da abin ya kai inda ba a iya zama kusa da akwatin, wani mutumin Dapyasan ya ba da gefen gonar dankalinsa aka rufe shi a can. Mutumin da ya yi wa gari shela har tsufa, ya kwanta cikin baƙi, babu wanda ya zauna masa makoki a ƙofar gidansa. Bayan wasu shekaru an tono ƙasusuwan da rani, an naɗe su a sabon bargo an kawo gida, amma tsohuwar har ta mutu ba ta daina mafarkinsa yana tsaye a jiƙe yana tambayar hanya ba. Kleto bai yi rantsuwa a gaban kowa ba. Matarsa Rufina, wadda ake ce wa Pina, ita ce kawai ta ji shi yana cewa ba za a ƙara barin gawar ɗan Masngad a ƙetare ba.

Daga nan ya shiga sintiri. Yakan tuɓe wando ya ɗora a ka tare da takalmi, ya ratsa kogi, ya sa kayansa a bayan wani dutse, ya hau tudu zuwa sakatariya, ya zauna a bencin da ke ƙofar magajin gari. Bencin nan ya san shi fiye da kujerar gidansa. Wata shekara a ce kasafi ya rufe. Wata a ce an tura maganar lardi. In zaɓe ya matso a ce doka ta hana fara aiki, in an gama zaɓe sabon magajin gari ya ce shi bai tarar da wata maganar gada ba, a sake kawowa daga majalisar ƙauye. Sau ɗaya har an ware kuɗin, sai guguwa ta zaftare hanyar mota, aka kwashe aka gyara hanya, kuma Kleto da kansa ya ce gaskiya ne, hanya ta fi gaggawa. 'Yan matan ofis suka sa masa suna Manong Gada, wato Yaya Gada a yarensu. Ba ya zuwa hannu biyu: kofi, jar shinkafa, wani lokaci bandar naman alade mai gishiri, duk daga rumbun Pina. Gashinsa ya yi fari a kan bencin.

Sai wata shekara, gab da lokacin yafa irin shinkafa, magajin gari ya fito da kansa ya kama hannunsa, ya ce lardi ya amince. Injiniya za ta zo ranar kaza ta auna wurin. In ta auna, sai gini.

Kleto ya dawo ko wandon bai tsaya sawa daidai ba, ya wuce dap-ay wurin Lakay Omaweng, babban dattawa, ya tambaye shi yaushe za a yi hidimar iri. Domin kafin a yafa iri sai maza sun hau dutse sun saurari tsuntsu, an yanka alade, an yi ubaya. Lakay ba ya duba kalanda, wata yake dubawa. Ya duba, ya faɗi rana. Kleto ya lissafa da yatsu ya ga za a buɗe gari da safen ranar da injiniya za ta iso. Ya ce Allah ne ya tsara.

Ranar hawa dutse maza suka fita da sassafe a jere, kowa da mashinsa, ba mai magana, ba mai waiwaye. Wurin mai shela a ƙarshen layi yake. Suka kai gindin itacen da ake tsayawa, tsuntsu ya yi kuka ta gefen da ake so, fuskar kowa ta saki. A hanyar saukowa, wajen itacen da tsawa ta fasa, wani siririn maciji ya fito daga ciyawar sama, ya ratsa hanya tsakanin Kleto da mutumin gabansa, ya shige ciyawar ƙasa. Ba sauri yake yi ba. Kleto ya ga kansa, ya ga wutsiyarsa.

Ko yaro a Masngad ya san ma'anar wannan. Tafiyar ta ɓaci. Sai an sake hawa gobe, gari ya ƙara wuni a rufe.

Da suka zauna a dap-ay, Lakay Omaweng ya yi tambayar da aka saba, ko wani ya ga wani abu a hanya. Kleto ya zuba wa wuta ido bai ce komai ba. Aka ci gaba da hidima.

A gida Pina na feraye dankali ta dube shi ta ce, "Me ya same ka? Ka zauna kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa."

Ya faɗa mata. Wuƙarta ba ta tsaya ba.

"Wa ya gani?"

"Ni."

"Bayan kai."

"Ba kowa."

"To ba a gani ba."

"Pina, da idona na gan shi."

"Idon naka da ba ya ganin kaza ta shiga lambu? Yau ya tashi gani? Wataƙila ma saiwa ce."

"Saiwa ba ta tafiya."

"Kai da kake zama a bencin gaba a coci. Maciji halittar Allah ne. Gidansa na sama, ruwa na ƙasa, ta ina kake so ya bi? Ko sai ya zo dap-ay ya nemi izini?"

"Ba ni kaɗai zan ci shinkafar nan ba. In ɓera ya shiga gonakin mutane, ni na san dalili."

"Ɓera na shiga ko an ga maciji ko ba a gani ba." Ta ajiye wuƙar a lokacin. "Kleto, tun ina amarya kake kwasar jar shinkafata kana kai wa mutanen da ba su san yadda ake dasa ta ba. Ban taɓa hana ka ba, na ce ta gada ce. In ka buɗe bakin nan naka yau, kada ka ƙara taɓa mini rumbu."

Bai ci abinci ba. Da rana ta karkata ya sa kwat ɗinsa ya hau dutsen shela, don shi ne zai faɗa wa gari cewa komai ya yi kyau, gobe a cire ƙulli, kowa ya fita. Ya tsaya a inda ubansa ke tsayawa. Hayaƙi na tashi daga gidaje, mata sun fito ƙofa suna jira, wasu har sun jiƙa iri. Yin shiru a gaban wuta abu ne da ya iya. Amma ya cika ƙirji ya faɗa wa dukan mutanen nan, da muryar da ba su taɓa jin ta yi musu ƙarya ba, cewa hanya ta yi kyau, wannan ya ja numfashi ya kasa. Ya sake ja ya kasa. Sai ya sauko.

Lakay Omaweng na zaune yana sakace lofensa, dattawa na kewaye da shi. Kleto ya tsuguna kusa da kunnensa ya yi raɗa. Sai dai raɗar Kleto ita ce maganar sauran mutane. Duk wanda ke dap-ay ya ji.

Lakay bai dube shi ba. Fuskokin dattawa ya bi da kallo ɗaya bayan ɗaya, ko za a sami wanda bai ji ba. Babu.

"Ɗan Dumalsin, da safe na tambaya."

"Ka tambaya, Lakay."

"Ka yi shiru. Ka ga na sake tambaya? Jikata na makaranta a ƙetare, rabin damina ba na ganin ta. Ni ma ƙafafun nan sun gaji da ruwan sanyi. Da ka haɗiye shi, da tsakaninka da macijinka ne, nauyinka kai kaɗai. Yanzu ka ɗauko shi ka ajiye mini a gaban wuta, a gaban mutane. Me kake so in yi da shi? In mayar maka?"

Kleto ya ce a'a.

"To hau ka faɗa musu."

Ya hau ya faɗa. Waɗanda suka ji sun ce ba su taɓa jin muryar ta yi ƙarfi kamar ranar ba. Babu hanyar aika saƙo, don ba mai fita, kuma injiniya ta riga ta baro lardi.

Washegari aka sake hawa dutse, tsuntsu ya yi kyau, ba abin da ya ratsa hanya. Da hantsi Kleto ya sauka mashigi ya tsaya a bayan ƙullin da ya kafa da hannunsa. Dattawa suka biyo shi suka zazzauna a kan duwatsun gangare. Ruwan ranar kamar da gangan, ko gwiwa bai kai ba, ana ganin tsakuwar ƙasa.

Ba a daɗe ba suka bayyana a ƙetare: Injiniya Salvacion Ragudo, mace 'yar ƙasan tudu daga garuruwan bakin teku, da masu ɗaukar mata kaya, da Wasing, kansilan ƙaramar hukuma, ɗan ƙauyen Lanas da ke ƙasan kogi a hayin Dapyasan, wanda magajin gari ya ce ya rako ta. Ta zauna ta fara kwance takalmi.

"Madam Injiniya," in ji Kleto, "sannu da hanya. Don Allah kada ki shiga ruwan."

Wasing ya hango ƙullin, ya sunkuya ya yi mata bayani. Ta miƙe da takalmi ɗaya a hannu.

"Manong, kai ne Anacleto Dumalsin? Kai ka nemi gadar nan?"

"Ni ne."

"Wa ya rufe hanyar?"

"Ni ne."

Ta juya ta dubi Wasing, ya ɗaga kafaɗa. Ta ce, "Manong, jiya tun safe nake cikin jif, ba abin da ya zauna a cikina. Ciyawa ce fa."

"Ciyawa ce, Madam. Gobe da sassafe zan cire ta, in zo in goya ki in kin so."

"Gobe ina wani gari. Wurare na jira na, kuma duk aikin da ba a auna ba kafin ƙarshen shekara, kuɗinsa komawa yake. In na biya aladen fa?"

"Ko kin biya, hutun ya ɓaci. Sai mu sake daga farko, iri ya makara."

Wasing ya yi dariya ya ce, "Kuma ofishinku ba shi da gurbin alade, Madam. Ki tambaye ni."

Ta yi tunani, ta ce to ba sai ta ƙetare ba. Za a ɗaura dutse a bakin igiyar awo a jefa masa, ya riƙe a inda ta nuna, ya faɗa mata irin ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Kleto ya waiwaya wajen Lakay Omaweng. Tsohon ya daɗe yana zuƙar lofe, yana kallon sama, kamar mai neman ƙofa a bango. Dattawa suka yi ta gunaguni a tsakaninsu. A ƙarshe Lakay ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Riƙon igiya aiki ne. Kuma igiyar ma baƙuwa ce."

A nan ne Wasing ya gyara tsayuwa. Ya ce in ba damuwa, akwai wani wuri can ƙasa, kusa da Lanas, inda kogin ya matse tsakanin duwatsu biyu. Gadar ma ta fi gajarta, ta fi sauƙin kuɗi. Kuma can babu ƙulli.

"Wasing, ka ji tsoron Allah," in ji Kleto. "Madam, babu hanya daga can zuwa nan. Bangon dutse ne tsakani, ko akuya ba ta bi. Lambunan mutanen Lanas ne kawai a wurin."

Injiniya ta buɗe taswira, iska na kaɗa ta. Takardar aikin cewa kawai ta yi a gina gada a kan Kogin Layag domin Masngad, ba ta faɗi mashigi ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Manong, tambaya ɗaya. Wancan hayin na can ƙasa, ƙasar wa ce?"

Mutanen Lanas aro suke noma wurin tun kakanni, kuma Masngad ba ta taɓa yarda a ce ba nata ba ne. Dattawa na bayansa suna saurare. Kleto ya ce, "Ƙasar Masngad ce."

"To shi ke nan. Hanya kuma sai ku nema daga baya, ta fi gada sauƙin samu."

Ta mayar da takalminta. Suka bi gaɓar kogi suka yi ƙasa. Kleto ya bi tasa gaɓar yana binsu da magana, yana tuntuɓe, har inda bangon dutse ya tare shi. Ba mugunta ta yi ba. Ta ɗaga masa hannu ma kafin su sha kwana.

An gina gadar, mai kyau, ta igiyoyin ƙarfe da katako, da allo a bakinta an rubuta Gadar Masngad. Ranar buɗewa an gayyaci mutanen Masngad. Suka tuɓe takalma suka ratsa kogi, suka bi ta Dapyasan suka gangara Lanas, don su ga gadarsu. Magajin gari ya yabi Kleto a gaban jama'a, ya ce da kowane ƙauye na da irinsa da an ci gaba, ya ba shi gefen ƙyallen buɗe gadar ya riƙe aka yanka. Pina ba ta je ba. Ta ce ƙafarta ba ta son ruwa.

Da ya koma benci neman gada a mashigi, 'yan matan ofis suka ce, "Manong, ai an ba ku gada." A takardun lardi Masngad ta fita daga layin masu jira. Da ya ce to a ba su hanya, aka ce kasafi ya rufe.

Shinkafar shekarar ba ta yi kyau sosai ba, ba ta kuma lalace ba, don haka ba wanda ya iya cewa Kleto ya ceci gari, ba kuma wanda ya iya cewa a banza ya yi magana. Wannan ya fi komai cin ransa. A zaɓe na gaba ya faɗi. Matasa in sun gan shi sai ɗaya ya tambayi ɗaya ko ya ga maciji yau. Pina ta sa wa rumbu kwaɗo, ta rataya mabuɗin tare da gicciyen wuyanta, amma ba ta bari wani ya zage shi a gabanta ba. Ta ce zaginsa aikinta ne.

Ya zauna haka har wata ubaya ta zagayo. Da dattawa suka yanke rana, ya tambayi Lakay Omaweng, a gaban kowa, ko ƙa'ida ba ta ce a kafa ƙulli a duk inda ake shiga ƙasar Masngad ba. Lakay ya ce haka ta ce. Kleto ya ce to allon da ke can ƙasa, sunan wa ke jiki? Lakay ya cire lofe daga baki. Aka ce ranar ce kaɗai aka ga haƙoransa da suka rage.

Kleto ya yi shela, ya ɗauki kara, ya ratsa kogi, ya zagaya ta Lanas, ya kafa ƙulli a tsakiyar bakin gada, ya dawo kafin duhu. Da safe mutanen Lanas suka fito da kwanduna za su ɗebo kabeji, suka yi cirko-cirko. Su ma suna da dap-ay, suna da ubaya tasu, sun san farashin alade. Ba wanda ya taka.

Masngad kuwa ba ta rowar ubaya. Akwai ta iri, ta dashe, ta girbi, ta mutuwa, ta gobara, ta bakan gizo in ya fito ba a lokacinsa ba. Kowace ɗaya Kleto sai ya yi wannan doguwar tafiya, da gwiwoyinsa da suka fara ciwo. Kabeji ya yi ta ruɓewa ranar da jif ke jira. Wasing ya tare shi wata rana a bakin gada.

"Manong Kleto, wannan mugunta ce."

"Karanta allon."

"Kai ka san ba mai shiga ƙauyenku ta nan. Ko akuya ba ta bi, kai ka faɗa."

"Ƙulli a bakin hanya ake kafa shi, Wasing. Ku ba ni hanya a saman lambunanku, in kafa shi a can, ku yi ta ɗibar kabejinku. Babu hanya, sai gada. Ni ma ba daɗin tafiyar nake ji ba."

"Ka tsufa kana rigima."

"A bencinku na tsufa."

Wasing, wanda bai taɓa tashi a majalisa don Masngad ba, shi ya tashi. Hanyar da aka hana Kleto a ƙofa, mutumin ciki ya samo ta kafin damina biyu, ko da yake ba duka ba: siminti kaɗan, sandunan ƙarfe, da shinkafar ciyar da ma'aikata. Sauran gayya ce. Mazan Masngad suka sara daga sama, na Lanas daga ƙasa, suna zagin juna har suka haɗu a tsakiya. Hanyar da ta fito siririya ce, manne da bangon dutse, wani wurin sai ka juya gefe ka riƙe ƙarfe. Wanda ya bi ta zuwa kasuwa ya ɓata rabin wuni. Don haka da rani ba mai bin ta, kowa mashigi yake ratsawa kamar dā, 'yan makaranta da takalma a ka. Kleto bai taɓa kiran ta nasara ba. In an yi maganarta sai ya ce ai ba ita ya nema ba. Har ƙarfinsa ya ƙare yana zuwa benci jefi-jefi, ko za a dace.

Ya rasu a asibitin lardi, cikin watan guguwa. Jif ta kawo akwatin ƙarshen hanya, Layag na mirgina duwatsu, ba mai ko kusantar mashigi. Maza suka ɗauka suka gangara Lanas. Wasing, shi ma ya tsufa, ya fito ya sa kafaɗa har suka haye gadar. A hanyar bangon dutse akwatin ya ƙi shan kwana wuri biyu, sai da aka ɗaura igiya aka karkata shi. Ruwa na dukansu, santsi na jansu, masu ɗauka suna ta mita, wani na cewa ɗan mutum ƙarami haka ina ya samo nauyi, wani ya ce muryar ce. Rana na gab da faɗuwa suka shigo Masngad, jiƙe sharkaf, suka ajiye shi a ƙofar gidansa.

Pina ta fito da bargon da ta saƙa masa tun da daɗewa. Ta shafa murfin akwatin, ta share laka da gefen zanenta.

"Ka iso dai," in ji ta. "Ta hanya mafi nisa, kamar kullum."

Sannan ta cire mabuɗin daga wuyanta ta miƙa wa matan da suka zo taya ta, ta ce a buɗe rumbu a dafa wa masu ɗauka jar shinkafa.